Tsohuwar Fijo Mai Ƙofa Biyu a Hanyoyin Arewacin Kamaru: Tambayoyi da Amsoshi

Duk inda na tsaya da motar nan, gidan mai ne ko bakin masallacin Juma'a, sai an zagaye ta. Yara su leƙa ta gilashi, dattawa su dafa bayanta suna tuna zamanin da suka hau irinta zuwa Marwa, matasa kuma su ciro waya. Peugeot 504 Coupé ce ƙirar 1973. Na same ta a zaune kan duwatsu a bayan wani gida a nan Garwa, kaji na ƙwai a kujerar baya, na kuma shafe kusan shekara uku kafin ta koma kan kwalta. Tambayoyin da ake yi mini kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tara su wuri guda.

Wai Fijo ce kuwa? Ina sauran ƙofofin?

Fijo ce, ba a kuma yanke mata komai ba, haka aka ƙera ta. Kamfanin Peugeot ya fito da 504 mai ƙofa huɗu a 1968, wadda duk muka sani. A 1969 aka nuna wannan mai ƙofa biyu a baje kolin motoci na Janiba, tare da 'yar'uwarta mai buɗaɗɗen rufi. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, shi ne kuma yake ƙera shi a Turin, sannan a kai Faransa a ɗora a kan inji da ƙafafu. An ci gaba da yin ta har 1983. Ta fi mai ƙofa huɗu gajarta, tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.55 ne a maimakon 2.74, ta kuma fi ta kwanciya a ƙasa. Na farko-farko, irin tawa, fitilu huɗu ne a gaba kowace a ware. Daga 1974 aka haɗe su biyu-biyu a gilashi ɗaya, aka kuma fara saka injin V6 mai silinda shida.

Me ya sa ba ka nemi tsohuwar motar Jamus ko ta Ingila ba?

Saboda ina so in hau, ba in zauna ina kallo ba. Sirrin motar nan shi ne jikinta nata ne ita kaɗai, amma cikinta ɗaya ne da na tsofaffin tasin da suka yi shekaru suna jigila tsakanin Garwa, Gidar da Marwa. Injin lita biyu mai silinda huɗu, akwatin giya, famfon ruwa, yawancin kayan ƙafa, duk dangi ne. Ga shi kuma tun 1975 ake haɗa Fijo a Kaduna, aka ci gaba da fitar da 504 a can shekaru da dama bayan Faransa ta daina. Don haka babu garin da za ka tsaya a yankin nan ka rasa dattijon da ya san injin nan kamar yunwar cikinsa.

Ba raguwa ba ce kuma. A 1978 irin wannan mai ƙofa biyu, mai injin V6, ta lashe tseren Safari na Kenya, Jean-Pierre Nicolas na tuƙi, bayan mai ƙofa huɗu ta lashe shi a 1975 a hannun Ove Andersson. To amma kada wannan ya ruɗe ka. Waɗancan an ɗaga su, an ƙarfafa musu ƙafa, ga rundunar makanikai na biye da su. Taka kuwa tsohuwa ce mai shekara hamsin, kai kaɗai ne rundunarta.

Kayan gyara fa, ana samu?

Kashi uku ne. Na farko kayan inji da na birki da na ƙafa, waɗannan ana samu a shagunan Garwa da Marwa, in sun gagara a aika Yola ko Mubi, in abin ya yi tsanani a kai ga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Ka riƙe sunaye biyu a bakinka, don abin da ake kira buji a nan shi ne fulogi a can, dalko kuma shi ne distiributa. Mafi sauƙi ka tura tsohon kayan a leda a gwada da sabon. Matsalar wannan kashin ba rashi ba ce, jabu ne. Kwandensa da kwantak na yanzu da yawansu kwali ne kawai mai kyau. Sau da yawa tsohon na asali da aka ciro daga matacciyar mota ya fi sabon daɗewa.

Na biyu kayan da suka yi kama amma ba ɗaya ba. Misali farfela, wato ƙarfen da ke kai juyi zuwa tayoyin baya: tata ta fi ta mai ƙofa huɗu gajarta, tunda motar ma gajera ce. Wayar birkin hannu da bututun salansa su ma haka.

Na uku kuwa shi ne mai sa rashin barci: gilashin gaba da na baya, fitilu, ƙofofi, bamba, robobin gilashi. Babu ɗaya da zai shiga daga mai ƙofa huɗu. In ya fashe, sai dai Turai, a jira watanni, a biya kuɗin jirgi da na kwastan. Shi ya sa ba na bin bayan tifa ko babbar mota a kusa, musamman wajen Figil inda motocin siminti ke watso tsakuwa. In babbar mota ta tunkaro a inda kwalta ta ɓaɓɓake, nakan rage gudu in raɓe gefe, ko da na baya zai cika ni da oda.

Tawa tana yawan zafi. Makaniki ya ce a cire tamostat. In yarda?

Kada ka yarda. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, don a ƙasar da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, zafi ne ke kashe tsofaffin motoci, ba nisan tafiya ba.

Cire tamostat gyaran gangar auzinawa ne. Aikin tamostat shi ne ya riƙe ruwa har inji ya kai zafin da ya dace, sannan ya buɗe. In ka cire shi, da safen hunturu injin zai daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya ci kansa, ainihin cutar kuma tana nan ba a taɓa ta ba. Cutar kuwa kusan kullum ɗaya ce daga cikin huɗu: lagireto ya toshe, murfinsa ya daina riƙe iska, fambel ya saki, ko fanka ba ta kamawa.

Toshewar lagireto daga ruwan da muke zubawa take. Ka duba cikin butar da ake dafa ruwan rijiya a gidanka, ka ga farin dutsen da ya kama gindinta. Haka cikin lagireto yake zama, bututunsa kuma ba su fi tsinken tsintsiya faɗi da yawa ba. A kai wa mai gyaran lagireto ya buɗe kansa ya zurara kowane bututu, daga nan kuma kada a sake zuba komai sai ruwan sanyaya inji na galan, in babu a sa tataccen ruwan batir. Wannan ruwan galan ba don sanyin Turai kaɗai aka yi shi ba, yana hana tsatsa, injin nan kuwa gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa alminiyom, haɗin da ruwa tsura ke ci.

Fankar 504 ta asali tana da wayo irin nata. Ba kullum take juyi da ƙarfi ba, maganaɗisun lantarki ne ke kama ta idan ruwa ya yi zafi. In 'yar na'urar da ke jin zafin ta mutu, ko ɗan gawayin da ke kai wuta ya cinye, sai fanka ta riƙa lilo a banza. Ka bar motar tana aiki a tsaye har allura ta hau, za ka ji ƙaras, sautin iska ya canza. In ba ka ji ba, to ga ɓarawonka. A kan hanya akwai dabara: sukurori uku ne a jikinta na daidaita tazara, in aka ɗaure su fanka za ta kama dindindin har ka isa gari.

Ni da kaina na sha wannan darasin, a hawan da ke gaban garin Mbe a hanyar Ngaundare, wata ranar Afrilu da azahar. Ina ta hira da ƙanena ban kalli allura ba sai da na ji ƙaurin ruwa. Na tsaya, na yi abin da bai kamata ba, na kwance murfi nan take da tsumma. Tururi ya yi sama, ya bar mini tabo a bayan hannu har yau. Wani direban babbar mota da ke hutawa a inuwa ya taso ya ce, "Haba Alhaji, ai ko tukunyar tuwo akan bari ta huce." Shi ya sa muka jira kusan awa guda, sannan muka tada injin muna zuba ruwa kaɗan-kaɗan. Ruwan sanyi a kan inji mai zafi yana iya lanƙwasa kan injin ko ya tsaga shi.

Duk da haka gasket ya ƙone, a nan kuma akwai abin da ya kamata duk mai 504 ya sani. Silindojin injin nan ba a jikin gangar aka huda su ba, kofuna ne da ake zurawa, makanikanmu na ce musu shemiz, a Najeriya a ce silif, ruwa na zagaye su kai tsaye. Idan aka ɗaga kan injin, kada kowa ya juya injin sai an danne kofunan nan da ƙarfe. In suka motsa, abin da ya toshe gindinsu zai saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Ka tsaya a kan yaran gareji ranar da za a yi wannan aikin.

Zuwa-zuwa fa, wato fetur ɗin kwalba na bakin hanya? Tana shan sa?

Tana sha, amma ni ba na ba ta sai dole. Kowa ya san fetur ɗin kwalba da jarka da ake shigowa da shi daga Najeriya shi ya riƙe arewacin ƙasar nan shekara da shekaru saboda araha. Da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023, ratar ta ragu sosai, ko da yake a gidan mai ma an kai lita sefa 840 a Fabrairun 2024. Illarsa ba daga asalinsa take ba, daga hanya ce: jarkar da ta sha rana, ƙasa, ruwa, wani lokaci har da gaurayen kananzir. Alamar mai marar kyau ita ce ka ji inji na ƙyas-ƙyas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in ka taka a hawa. Wannan ƙarar fistin take ci.

Tawa ta fito ne da famfon feshin mai na Kugelfischer, amma wanda ya riƙe ta kafin ni ya cire ya sa kafireto na Solex irin na mai ƙofa huɗu. Masu tara tsofaffin motoci a Turai za su ce an ɓata ta, ƙarfinta ma ya ɗan ragu. Ni dai ban mayar ba. Kafireto in ya toshe a Ngong, za a kwance shi a kan tabarma a busa a mayar cikin rabin awa. Wancan famfon kuwa datti kaɗan ke lalata shi, mai gyaransa kuma sai an tona. Na dai adana shi a kwali.

Ka sa filtar mai ta roba mai gani-har-hanji kafin famfo, ka riƙe biyu a mota. In dole ta sa ka sayi na kwalba, a tace da kyalle mai tsabta.

Sau nawa ake juye baƙin mai?

Ni duk kilomita 3,000 nake juyewa da filtarsa, ko duk wata shida in ban yi tafiya ba. Mai kauri, 20W-50, wajen lita 4. Filtar iska kuwa a lokacin hunturu duk mako nake dubawa. In ka samu irin tsohuwar nan mai kwanon mai a ƙasa, wadda aka riƙa sa wa motocin Afirka, ka riƙe ta da kyau, ta fi ta takarda jure ƙurarmu. Ana saita bawul inji na sanyi, milimita 0.10 na shiga, 0.25 na fita, tazarar kwantak kuma 0.40. Man birki DOT 4, a sauya duk shekara biyu. Kada a kuskura a zuba koren man nan na Citroën, zai kumbura robobin birki gaba ɗaya.

Wane irin makaniki zan nema?

Mai furfura, wanda ya yi zamanin tasin 504. Ka lura da abu biyu: yana da ma'aunin tazara da sifana mai auna ɗauri, ko kuwa komai da ido da guduma yake yi? Yana kuma sauraron inji kafin ya kwance? Nawa in na kai masa, sai ya ce, "Maigida, kashe rediyon bakinka tukuna," ya kara dogon sukundireba a kunne kamar likita. Kada ka bar motar ta kwana a gareji ba dalili. Ba zargi ba ne, amma tambarin zakin gaba da murfin taya suna da ƙafa.

Wace hanya ce ta dace a fara da ita?

Kada ka fito daga gyara ka nufi Njamena. Ka fara da Pitowa ranar Lahadi, ranar kasuwa, ka dawo ka leƙa ƙarƙashinta ka ga me ke ɗiga. Sai Lagdo, inda madatsar ruwan da 'yan Sin suka gama a 1982 take, ka ci kifi ka juyo. In ta yi waɗannan lafiya, sai Marwa, kilomita 200 da 'yan kai ta Figil da Muturwa. In da hali ka ratse Gidar ka ga kwazazzabon Kola, amma da rani, lokacin da ruwa ya janye.

Wadda ta fi daɗi, ta kuma fi gwada mota, ita ce ta Ngaundare, wajen kilomita 275. Garwa tana cikin kwarin Binuwai, ƙasa-ƙasa, Ngaundare kuwa tana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000. Yawancin hawan a wuri ɗaya yake, a dutsen da ake kira Falez bayan Mbe, kwana a kan kwana. A hawa, ka saki giya ta huɗu da wuri, ka bar inji ya yi juyi a ta uku don famfon ruwa da fanka su yi aiki, idonka a kan allura. A gangara kuma giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. Wanda ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama, kafin ya kai ƙasa man birki ya tafasa, feda ta nutse. Gawarwakin manyan motocin da ke gefen kwanonin nan sun isa wa'azi. Ladan hawan shi ne iskar da za ta buge ka a sama, sai ka ji har motar ta saki jiki.

Rumsiki kuwa, duk kyan duwatsunta, daga Mokolo hanyar ba ta mota mai kwanciya a ƙasa ba ce. Ka ajiye ta a Mokolo ka nemi mai tsayi. Haka tudun rage gudu na cikin ƙauyuka, a karkace nake hawansu, taya ɗaya bayan ɗaya, don salansa.

Me kake ɗauka a but?

Safaya biyu in tafiyar ta wuce Marwa, jak da ɗan katako na dasa shi a yashi, fambel, tiyon lagireto na sama da na ƙasa, kwantak, kwandensa, kwayil, fulogi huɗu, famfon mai, fis, waya, igiyar ja, tocila, ruwa lita 10, baƙin mai da man birki. Famfon ruwa ma yana ciki tun ranar Mbe. Game da taya, kada zanenta ya ruɗe ka. Akwai lamba huɗu a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar gwanjo da ta haura shekara shida, kwaltar Afrilu za ta fasa ta ko da zanenta bai taɓu ba.

Wane lokaci ya fi?

Nuwamba zuwa Janairu. Ruwa ya ɗauke, zafi bai sauko ba. Da bazara in tafiya ta kama, a fita bayan sallar asuba a isa kafin azahar. Da damina matsalar mayo ce: rafin da ka wuce shi busasshe da safe, da yamma sai ka tarar ya cika ya batse, dalkon motar nan kuma ba ya shiri da ruwa.

Dare kuwa ba na yi ko kaɗan. Fitilun 1973 ba sa nuna rami sai ka faɗa, ga shanu, ga babura marasa wuta, ga manyan motocin da suka lalace aka jera musu ganye a kwalta a maimakon alama. Ga kuma zargina, masu tare hanya, da yankin ya daɗe yana fama da su.

Za a iya shiga Cadi da ita?

Za a iya. Takardun gida dai su ne kart giriz, wato takardar rajistar mota, inshora, takardar duba lafiyar mota da lasin, sai canjin sefa 500 na kowane shingen biyan kuɗin hanya. Don ƙetare iyaka a ƙara da kart roz, wato inshorar ƙasashen CEMAC, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya, da takardar izinin shigar da mota daga kwastan, da katin rigakafin shawara. Abin da ke kama masu tsohuwar mota shi ne lambar shasi: sau da yawa an sauya inji, ko fenti ya rufe lambar. Ka tabbata ana iya karanta ta kuma ta yi daidai da takarda tun kana gida.

Hanyar da aka saba ita ce Marwa, Mora, Waza, Dabanga, Kusiri, wajen kilomita 260, a haye gadar Ngeli a kan kogin Logon a shiga Njamena. Sai dai yankin ya sha fama da hare-haren Boko Haram, a kusa da Dabanga ne ma aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya a Fabrairun 2013, kwaltar kuma manyan motoci sun daɗe suna cin ta. Ni ban kai tawa can ba. Wanda ke son Cadi don yawon buɗe ido, hanyar Ngaundare zuwa Tuboro zuwa Mundu, kusan kilomita 400, ta fi kwanciyar hankali. Ko wacce za ka bi, ka je tasha ka tambayi direbobin da suka shigo jiya. Kada kuma ka ɗaga waya ka ɗauki hoton motarka a kan gada ko kusa da shingen jami'ai, komai kyan wurin.

A shingaye dai motar kan yi mini rana. Jandarma ya karɓi takardu, ya zagaya ta, ya ce babansa ya taɓa yin irinta. Ba na gardama, ko da na san mai ƙofa huɗu yake nufi.

Ba gara a lulluɓe ta a ajiye ba, tunda ta yi tsada haka?

Ajiya ta fi tafiya lalata ta. Fetur ya bushe ya bar danƙo a kafireto, birkin baya ya kame, batir ya mutu, ɓeraye su shiga su ci waya. Duk mako nakan fita da ita ta yi ko da kilomita 20, har inji ya yi zafi sosai, ba wai a tada ta a tsakar gida minti biyar a kashe ba. A ajiye ta a inuwa, don rana ce ke fasa dashbod da robobin gilashin da na ce ba a samu. Tampol ɗin roba kuma da damina yana tara gumi a ƙarƙashi, jikin nan na Italiya kuwa ba ya wasa da tsatsa. Ka ɗaga kafet ka taɓa ƙasan bayan kowane ruwan sama.

Kana bayar da ita ɗaukar amarya? Za ka sayar?

Amarya ina ɗauka, da sharaɗi biyu: ni zan tuƙa, kuma ba na shiga jerin gwanon da samari ke wasa da mota. Ƙawaye biyu kawai baya ke ɗauka, su ma sai sun tattare gwiwa, in ta uku ta matsa sai ta bi ta gaba. Ba a manna mata balan-balan da salatif a kan fenti.

Sayarwa kuwa, wani Alhaji daga Njamena ya taya ta sau biyu, na biyun har ya ajiye makullin jif ɗinsa a kan bonet. Na ce masa ya bari tukuna in ga ƙarshen gilashin baya da na yi oda, wata na biyar ke nan yana hanya.